Fentin da Baffa Bai Rufe Ba

Daga Allah muke, kuma can za mu koma gaba ɗayanmu. Baffana ya riga mu gidan gaskiya wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, a ɗakinsa da ke Nasarawa Gwom, bayan tari ya daɗe yana cin ƙirjinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni ce na zauna karɓar gaisuwa a cikin gida, don babu wata macen sai ni. Matarsa, Iya, ta daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ni 'yar ƙanensa ce, an ba shi ni riƙo tun daga yaye. Sunan tsohuwarsu aka sa mini, shi ya sa daga shi har mahaifina ba mai kama sunana, sai dai su ce Uwata.

A zaman makoki kowa da abin da yake tunawa. Direbobin tasi sun cika ƙofar gida, ina jiyo su ta katanga suna cewa an rasa mai fenti a garin Jos. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Allah sarki, yanzu kuma an huta da warin nan," sai ta kama bakinta. Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa, warin tina da ake sirka fenti da ita ya kama unguwar nan har cikin tuwo. Wata mai sayar da dankali daga Anguwan Rukuba, wadda Baffa yake gyara wa akori-kurarta duk goshin damina, ta shigo da kwanon acca a kai, ta durƙusa tana hawaye tana cewa da irin Hausarta, "Baba ya tafi, motana ya zama maraya." Wannan gaisuwar ta fi shiga raina.

Sai wata daga cikin danginmu ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ga mutum har mutum, amma bai bar baya ba." A gabana fa, ina zaune a tabarma ido ya kumbura. Na ce a raina, to ni mece ce, gaba? Na haɗiye na ce mata Allah ya ba da lada.

Mahaifina ya zo daga Bukuru. An yi salla da shi, an kai da shi, ya zauna cikin maza har la'asar. Bai shigo inda nake ba. Shekara da shekaru ba ya magana da yayansa saboda wata kalma da ya jefa masa ranar aurena, irin wadda matar nan ta maimaita. Abin da nake jira a ranar ke nan, ya shigo ya janye ta, ko da wanda ya jefa wa ba ya ji. Ya sa takalminsa ya koma Bukuru.

Bari in faɗi wane ne Baffa, don kar a ce warin tina kaɗai ya bari.

Tun yana saurayi ya fara da wanke motocin Turawan kuza, daga nan ya koyi fenti, ya kafa rumfar kwano a bayan gidanmu. Masu fesa fenti suna da yawa a Jos. Abin da ya fita daban da shi shi ne aikin ƙarshe, wanda yake kira rufi. Yakan ce fenti tsirara yake, in ba a sa masa riga ba ranar Jos da ruwan Jos za su cinye shi. Rigar kuwa da hannunsa yake haɗa ta. Akwai wani mai zuma da yake sauko masa daga cikin duwatsu da kakin zuma a ƙunshe cikin ganye. Baffa ya narka shi a gwangwani, ya sauke daga wuta, ya sirka da ɗan kananzir da wani abu da bai taɓa gaya mini ba, ya bar shi ya daskare. Mai zuman ba ya jin Hausa sosai, Baffa ba ya jin yarensa, amma sai su zauna a benci rabin yini suna kallon titi. Ban san Baffa da wani aboki da ya wuce wannan ba.

Ba ya taɓa mota a rana. Sai ya tura ta inuwa, ya wanke, ya dafa bonet da bayan hannu ya ji ta huce. In ya ga wani yana lafta kaki da yawa sai ya ce, "Kai, ba man shanu ba ne, ba tuwo za ka ci ba." Kaɗan yake ɗiba, ya shafa wuri kamar faɗin faifai, ya jira ya yi fari-fari, sannan ya goge da tsumma mai laushi. Tsumman nan su suka cinye mini tsofaffin zannuwa. In na ajiye zani na ce zan yi faci, gobe sai in gan shi a rumfa an yayyaga. In na yi magana ya ce, "Uwata, ai ya samu ƙarin girma."

In ya gama sai ya ɗauko butarsa ta alwala ya tsiyaya ruwa a kan bonet. In ruwan ya dunƙule ya zama 'yan ƙwayoyi suna gangarawa, ya ce ruwa ya tsaya, mota ta rufu. In ya baje ya shimfiɗe, ya ce ruwa ya kwanta, da sauran aiki. Har mutane yake aunawa da wannan. Ya ce wane ruwansa a kwance yake, duk abin da aka zuba masa sai ya shige shi.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, har yaran tasha suke masa dariya, shi ne sansana mota. Sabon fenti, in ji shi, ko ya bushe a hannu, ciki ɗanye ne, yana fitar da numfashin tina a hankali. In ka rufe shi da kaki kafin ya gama, numfashin ya rasa hanya, fentin ya dusashe. Don haka in ya fesa mota sai ya ce wa mai ita ya tafi ya dawo. Yaushe? Ba ya faɗin rana. Sai ka gan shi da safe ya sunkuya, dattijo da furfurarsa, ya kafa hanci a jikin mota, ya ɗago ya ce, "Da saura." Masu gaggawa da yawa sun bar shi saboda wannan kalmar, bai taɓa bin kowa da ban haƙuri ba.

A kan wannan suka ɓata da mahaifina.

Mahaifina direba ne, kuma tun asali mutum ne mai wuta a ƙafa, shayi ma a tsaye yake sha. Da aurena ya matso, ya sayi wata tasi ta hannu, ya ce da ita za a kai amarya. Ya kawo wa yayansa, Baffa ya kankare ta ya fesa mata kore mai duhu, ta yi kyau ƙwarai. Ana gobe ɗaurin aure mahaifina ya ce a sa mata kaki ta yi ƙyalli. Baffa ya sansana ya ce da saura. Mahaifina ya ce, "Yaya, biki gobe ne." Baffa ya ce ai fentin bai san da biki ba. Mahaifina ya ja motarsa ya kai wa wani a Bukuru, aka lafta mata folish. Da safe tana sheƙi. Kafin azahar rana ta dake ta, koren ya tashi fari-fari kamar an watsa masa nono.

A zaure suka haɗu, ga dangin ango a zaune. Ni ina ɗaki cikin lalle, amma zaurenmu ba ya riƙe magana. Baffa ya dubi motar ya ce, "Kai tun kana yaro ba ka iya jira ba. 'Yar ma da ka haifa, ni ka bar wa na jira ta girma." Bai kyauta ba, ko yanzu da yake ƙasa ba zan ce ya kyauta ba. Mahaifina ya ce, "Ai wanda bai haifa ba dole ya iya jira. Me gare shi in ba jiran ba?"

Baffa ya tashi ya shige rumfa, bai fito ba har aka tafi da ni a cikin motar nan mai dabbare-dabbare. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar, in sun haɗu a wurin suna ko jana'iza sai su yi musabaha kamar baƙi. Saƙo kuwa ta bakina yake bi. Baffa ya ce, "Ki gaya wa direban nan." Mahaifina ya ce, "Ki gaya wa mai fentin nan." Na gaji da zama gada, wallahi na gaji, amma ban da wani zaɓi.

Baffa bai taɓa tayar da zancen da ni ba sai sau ɗaya. Ana ruwa, muna zaune muna jin ƙanƙara tana dukan kwano, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, ai gaskiya ya faɗa." Na ce ba gaskiya ba ce. Ya ce, "Ke ai dole ki ce haka." Daga nan na gane ba daga bakina yake son jin ta ba.

Da mijina ya rasu na dawo gidan Baffa, ni da keken ɗinkina da ya yi tsatsa. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Wata rana na nemi kan keken na rasa, ashe yana rumfa, ya goge shi da samfefa ya fesa masa baƙi. Na kai hannu ya ce kar in taɓa. Bayan na fita takaba mata suka fara zarya, wannan ta ce ga wani mai shago, waccan ta ce zaman me nake yi. Baffa da ba ya shiga zancen mata ya leƙo daga ƙofar baya da tsumma a hannu ya ce, "Ku bar ta ta sha iska." Ba wadda ta sake zuwa da zancen. Da lokacin keken ya yi, ya rufe shi da kaki ya kawo mini har ɗaki, da shi nake ci har yau.

Haka muka zauna mu biyu. Ni ina ɗinki a tsakar gida, shi yana rumfa, tarinsa ne yake gaya mini yana nan. Da yamma in kai masa gwate, ya ci rabi ya ce ya ƙoshi. Gidan da ba yara shiru gare shi mai nauyi, mu biyun mun san da haka, ba mai faɗa.

A 'yan shekarun nan da kuɗin mai ya cika gari da sababbin motoci, wani ɗan kasuwa ya zo daga Ikko da wani ruwa a kwalba, fari kamar kindirmo. Ya ce wannan ba kaki ba ne, haɗi ne na masana'anta, yana kama fenti ya daɗe, ba ya narkewa a rana. Na ɗauka Baffa zai kore shi. Sai ya karɓi kwalba ɗaya, ya samo tsohuwar ƙofar mota, ya raba ta biyu da zare, rabi ya shafa nasa, rabi ya shafa na kwalba, ya ɗora ta a kan rufin rumfa. Ta sha rana, ta sha ruwa, ta sha ƙanƙara. Da damina ta ɗauke ya sa tsani ya hau da butarsa, ni ina riƙe da tsanin ina masa faɗa. A ɓangarensa ruwa ya kwanta, a ɗaya ɓangaren yana tsaye.

Ya sauko ya zauna a benci. Can ya ce, "Ya fi nawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma shi ma ba a sa shi a kan ɗanye." Daga ranar ya koma amfani da na kwalba, ya ba ni sauran kakin in riƙa shafa wa zare. Mai zuma ya zo sau ɗaya ko biyu, suka zauna yadda suka saba, amma tafiyar da nisa ga wanda ba a sayen kayansa. Ya daina saukowa. Na sha ganin Baffa a bencin nan ya bar gefe guda babu kowa.

Da tarin ya yi tsanani har yana tashi da jini, wata safiya ya ce mini, "Ki gaya wa direban nan ya kawo motar. Tana ba ni kunya a titi." Tasin nan ce dai ta ranar aurena, mahaifina bai taɓa canza ta ba, an yi mata fenti a kan fenti har ba a san launinta na asali ba. Na hau mota na je Bukuru na faɗa. Washegari wani direba ya kawo ta ya ajiye makulli.

Na roƙi Baffa ya bar aikin, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce in koma ɗinkina. Ya bi ta da samfefa yana hutawa, yana cire fentin wasu, har ya iso ga koren nan nasa na farko. Ya kira ni ya nuna mini. Ya ce, "Kin gani, yana nan." Ya kankare shi har ƙarfe ya fito. Ya jira ranar da babu hadari a kan duwatsu, ya ɗaure hanci da tsumma, ya fesa mata kore mai duhu irin na da. Daga nan ya kwanta, bai sake tashi ba. Ko a kwance yakan ce in buɗe ƙofar baya iska ta shigo masa da warin, ya shaƙa ya ce da saura. Kwalbar rufin tana kan taga da tsummanta a ninke lokacin da aka fitar da gawarsa.

Bayan an share makoki, da sassafe, na ji motsi a rumfa. Na leƙa na ga mahaifina tsaye da makulli a hannu. Na ce a raina shi ke nan, ya zo ɗaukar abincinsa, don da motar nan yake ci da iyalinsa. Na gaishe shi. Ya amsa yana kallon motar, ya ce, "Ya ce yaushe?" Na ce, "Bai faɗi rana ba, Baba. Ka san shi." Ya juya makullin a hannunsa. Sai na ga ya waiwaya ko akwai mai kallo, ya sunkuya ya kai hanci jikin bonet. Ya ɗago ya mayar da makullin aljihu ya tafi.

Washegari ya dawo, haka jibi. Mutumin da yake da mota ya koma hawa bas daga Bukuru yana matsuwa da masu kaya. 'Yan tasha suna ce masa, "Oga, motarka fa?" ya ce tana asibiti. Ya zo ya sansana, ya zauna a bencin Baffa, in kai masa shayi, ya sha a zaune. Ba ma wata hira. Ban taɓa zama da mahaifina haka ba tun da aka haife ni. Kullum ina jira ya buɗe baki, kullum sai ya ajiye kofi ya ce a gaida gida, alhali gidan ni kaɗai ce.

Warin kuwa yana raguwa. Warin nan shi ne warin rigar Baffa da hularsa da hannun da yake shafa mini kai, kuma ina ji yana fita daga gidan a hankali. Ranar da na shiga rumfa na shaƙa na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ranar mutuwar ba.

Da mahaifina ya zo ya sunkuya ya ɗago, ya ce, "Da saura." Kashegari ma ya ce da saura. Na ce, "Baba, warin ya tafi. Kai ma ka san ya tafi." Sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Nuna mini yadda yake yi."

Muka wanke ta a inuwa. Na ce ya dafa da bayan hannu, ya dafa. Ya tsiyayo ruwan kwalba da yawa, bakina ya suɓuce na ce ba man shanu ba ne. Ya dube ni, ya rage. Faifai-faifai muka bi ta, yana shafawa, muna jira ya yi fari, ina gogewa da tsohon zanina. Bai yi gaggawa ba ko sau ɗaya. Da muka gama na ɗauko butar Baffa na miƙa masa. Ya tsiyaya a kan bonet, ruwan ya dunƙule ya gangaro.

Na koma cikin gida, don ba na son in ga fitar motar. Ina zaune a tabarma ina jiran ƙarar inji, sai na ji sallama a bakin ƙofa, irin ta baƙo. Mahaifina ne. Ya cire takalmi, ya shigo ya durƙusa daga gefen tabarma inda masu gaisuwa suke durƙusawa. Ya ce, "Uwata, na makara. Na zo yi miki gaisuwar babanki." Ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya albarkaci bayan da ya bari."

Na ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa." Na dubi ƙofar baya da ke buɗe, inda iska take shigo wa Baffa da labari.

Ya Allah, ka kai masa wannan. Ya daɗe yana jira.